Igiyoyin da Ubaldo Ya Bari a Ɗaure

Ranar tara da rasuwar Ubaldo Ospino, wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma, Gwaggo Emérita ta aiki ƙanwarsa Dilia ta je ɗakin aikinsa ta kwance abin da ya saura.

Na cikin gida an riga an gama da su. An zare igiyoyin takalmansa, an ɓalle maɓallan rigunansa, an sauke ragar lilon da yake kwana a ciki an naɗe. Har ƙullin ledar da yake tara ƙusoshi Gwaggo ta bi ta warware da haƙori. Haka danginsu ke yi tun kafin a haifi Dilia. Kafin a ɗage teburin addu'a a rana ta tara, duk abin da mamaci ya ɗaura da hannunsa sai an kwance, don kada ya tashi tafiya wani abu ya riƙe shi.

Gwaggo tana tsaye a kan tukunyar romon kifi da rogo, ba ta ko waiwayo ba.

"Ƙarfe bakwai za mu fara addu'a. Ki kwance komai. Kin ji na ce komai?"

"Na ji, Gwaggo."

"Har abin nan nasa mai kukan kwaɗi."

"Wannan ai ba igiya ba ce, Gwaggo. Zane ne kawai a kan gilashi."

"Shi ya ɗaura?"

Dilia ta juya za ta fita.

"Na ce shi ya ɗaura, da hannunsa?"

"Da yatsa."

"To yatsan a ƙafa yake? Wuce ki tafi, 'yar nan, rana na faɗuwa."

A tsakar gida maza na buga wasan domino a ƙarƙashin mangwaro, ana zagayawa da baƙin kofi a ƙananan kofuna. Dilia ta dafa kafaɗar Nicanor, abokin Ubaldo tun suna firamare, wanda ke haya da babur.

"Ina tsakiyar cin su za ki tashe ni?"

"Cin wa?" in ji wani tsoho daga can gefe. "Tun rana tsaka ba abin da ka ci sai soyayyar ayaba. Ɗauke shi, Dilia, ko ma samu iska."

Suka fita daga garin Ciénaga ta hanyar bakin tafki. Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓa. Hagu da dama kututturan itatuwa ne da gishiri ya kashe, farare, tsaye cikin ruwan da ba ya motsi. Iska na kawo warin laka da hayaƙin masu banda kifi. Sauro ya fara tashi.

Ubaldo yana da shekara goma sha tara bel ɗin injin jirgin ruwa ya cire masa ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun dama. Kafin nan akodiyon yake kaɗawa, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa a ƙirji, kuma mutane sun ce da zai yi nisa. Ya rufe akodiyon ɗin a akwati, ya koma gyaran rediyo da lasifika, ya yi shekara ashirin bai taɓa abin kiɗa ba. Sai wata rana wani ya kawo masa kwamfutar hannu gyara, irin mai faɗin faranti da ake shafawa da yatsa, bai dawo ya karɓa ba. A cikinta Ubaldo ya tarar da wata manhajar haɗa sauti. Yatsu uku sun ishe ta. Ya sa wa kwamfutar suna Tsohuwa.

Ta kuwa tsufa. Mutumin da ya ƙirƙiri manhajar ya daina kula da ita shekara tara da suka wuce, an cire ta daga inda ake saukewa, ba a samun ta ko'ina. Ubaldo bai taɓa barin Tsohuwa ta hau intanet ba, don kada ta sabunta kanta manhajar ta ƙi buɗewa. Daga baya maɓallin adana aiki ma ya lalace. Da an danna shi sai komai ya rufe, a tashi da allo fanko. Saboda haka duk haɗin da ya yi, sai ya zana shi a littafi kafin ya warware.

Na ƙarshen bai zana ba. Ya bar shi yana kaɗawa, ya fita kasuwa sayen kifi, zuciyarsa ta tsaya a gaban teburin mai kifin.

Nicanor ya kashe babur a bayan tsohuwar masana'antar ƙanƙara. Ɗakin katako ne guda, a kan turaku, rabinsa bisa ruwa. Ubaldo ya zaɓe shi ne don babu maƙwabcin da zai yi ƙorafin ƙara.

"Ni ina nan ina gadin babur."

"Wa zai saci wannan gwangwanin?"

"Ba a sani ba. Duniya ta lalace." Ya ciro taba, bai kunna ba. "Dilia, kullum da safe ina ganin kekenki jingine a nan. Ban faɗa wa Gwaggo ba."

"Caji nake dubawa. In wuta ta ɗauke minti goma, shi ke nan, ya tafi."

"Wa ya tafi?"

"Kiɗan, Nicanor."

"To. Yi sauri dai."

Ta hau matakala uku, ta buɗe kwaɗon ƙofar.

Ɗakin na warin dalma da maganin sauro da jiƙaƙƙen katako. A ƙarƙashin wannan akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar gwanda ta wuce nuna. Batirin Tsohuwa ne. Ya kumbura har ya ɗaga gilashin daga gefe guda.

Ta fara da masu sauƙi. Igiyar labule. Wayoyin da ya nannaɗe ya rataye a ƙusa. Tsumman da ya ɗaure ƙafar kujera da shi. Ƙulli goma sha huɗu, duk irin ɗaurin masu jirgi, wanda ja ɗaya ke warwarewa. Ba ta yi minti biyar ba ta gama.

Sannan ta zauna a kujerarsa.

Tsohuwa na jingine da gwangwanin kofi, hasken allonta ya dushe ya koma ruwan ɗorawa. A kan allon akwatuna ne jere, kowanne da aikinsa guda. Wani na fitar da ɗanyen sauti, wani na sassaƙe shi, wani na ƙirga lokaci, wani kuma ƙuri'a kawai yake jefawa, ya zaɓi abin da zai biyo baya. Babu wanda ke cewa uffan sai an ja igiya da yatsa daga ramin wannan zuwa ramin wancan. Duk inda yatsa ya taɓa, wani ƙaramin farin zobe kan bayyana a ƙarƙashinsa.

Igiya arba'in da uku. Ta ƙirga su tun ranar farko. Sun sarƙe kamar komar da ta kwana a ruwa. Haɗin yana ciyar da kansa, ba ya maimaita abu ɗaya sau biyu, ba shi da ƙarshe. Wata jar igiya ta taso daga akwatin makirufo, domin Ubaldo na son ya bar Tsohuwa tana jin iska da tsuntsayen tafki, su riƙa juya mata kiɗan.

Kwana takwas Dilia na zuwa ta sa hedifon ɗinsa ta saurara. Abin da ya fi kyau ke nan cikin duk abin da ya taɓa yi. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ba ta san yadda za ta faɗa ba tare da ta ji kamar tana zagin sauran rayuwarsa ba.

Yanzu saura ƙasa da awa ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa jin sa sai ita.

Ta ciro wayarta. Sabuwa ce, ba ta da ramin da za a jona ta da Tsohuwa. Hanya ɗaya ce ta rage: ta cire hedifon, kiɗan ya fito ta lasifikar kwamfutar, wayar ta naɗa daga iska. Minti goma ma ya isa. Daga nan sai ta kwance.

A kan bakin wayar hedifon ɗin akwai farin salatif, da rubutun Ubaldo: KADA A CIRE.

Ta san dalili. Shekara goma sha ɗaya tana kula da sauti a gidan rediyon garin. In makirufo na buɗe kuma lasifika na magana a ɗaki guda, abin da ya fita shi zai koma ciki, ya sake fita, ya sake komawa. Ɗakin kansa ya zama igiya. Duk wanda ke zaune a ɗakin ya shiga cikin haɗin. Amma ta sha riƙe irin wannan a wurin aiki. A rage murya ƙasa-ƙasa, a sa ido, shi ke nan.

Ta danna naɗi a wayarta, ta ajiye ta a tebur. Ta zare hedifon.

Kiɗan ya shigo ɗakin a hankali.

Can ƙasa akwai wani dogon gurnani mai buɗewa da rufewa, kamar cikin akodiyon in ana ja ba a danna komai ba. A samansa wasu ƙananan sautuka na ɗiga, ɗaya, biyu, shiru, sannan uku a jere. Katakon tebur na rawa kaɗan a ƙarƙashin gwiwar hannunta. Ta gyara zama, kujera ta yi ƙara, sai kiɗan ya ɗauki ƙarar ya lanƙwasa ta ya mayar mata da ita da taushi.

Ta yi murmushi. Rabonta da murmushi kwana tara.

Minti uku. Huɗu. Hasken taga ya koma ja, ya fara toka.

Sai ta lura ba ta jin kwaɗi.

A wannan lokacin tafkin kan cika da kukansu har mutum ya ɗaga murya. Yanzu babu. Babu sauro a kunnenta. Babu ruwan da ke lasar turaku.

Ta dubi allon.

Farin zobe ɗaya na zaune a kan wani mamurɗi, cikin waɗanda ake juyawa a sauya sauti.

Hannayenta biyu na kan cinyarta.

Ta san wannan ma. Tsohon gilashi, caja mai arha, danshi, batir mai kumburi, sukan sa allo ya ji taɓin da babu shi. Irin wannan taɓin yakan yi tsalle ne nan da can kamar ƙuda.

Wannan bai yi tsalle ba. Ya murɗa mamurɗin zuwa dama a hankali, sannan ya ɗan dawo da shi baya kaɗan.

Haka Ubaldo ke murɗa komai. Har famfo.

Zobe na biyu ya fito kusa da na farko. Na uku ya fito ƙasa da su, can gefe, inda babban yatsa zai zauna.

Uku. Daga nan ba ƙari.

"Yaya?"

Da raɗa ta faɗa. Kiɗan ya ɗauki kalmar, ya ja ta, ya baza ta cikin ɗigon sautukan nan har ta narke. Zobban uku suka tsaya cak. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Yaya, ya yi kyau. Ka ji? Ya fi komai kyau."

Zobe na huɗu ya fito.

Na biyar.

Na shida da na bakwai suka fito a can ɗaya ƙarshen allon, da tazarar da babu hannun da zai iya buɗewa haka. Ba su murɗa komai a hankali ba. Suka kama ramuka suka fara jan sababbin igiyoyi, da sauri, da ƙwarewa, kamar masu saƙa.

Zobban ukun farko suka matsa lungu guda suka takure.

Dilia ta fizge cajar daga bango. Batirin nan ba ya riƙe wuta. In taɓin ƙarya ne, zai tsaya yanzu.

Bai tsaya ba.

Gurnanin ƙasan ya sauya. Ya daina kama da akodiyon. Yana shiga, yana fita, da ɗan kakari a ƙarshen kowace fita.

Numfashinta ne.

Ta ji tari ya fito daga lasifikar, busasshe, sau biyu.

Sannan ta yi tari, sau biyu.

Ta kai hannun dama ta rage muryar. Yatsunta suka sauka a gilashin. Sanyi ne da shi kamar an ciro shi daga ƙanƙara. Ta ja mamurɗin ƙasa, ya koma sama da kansa. Ta so ta ɗaga hannun.

Ya ƙi tashi.

Wata sabuwar igiya, baƙa, ta taso daga tsakiyar sarƙar. Ba ta shiga ramin kowane akwati ba. Ta miƙe ta ƙare a ƙarƙashin yatsunta.

Lasifikar ta fitar da numfashi. Ƙirjin Dilia ya bi, ya fitar.

Lasifikar ta yi shiru.

Dilia ta buɗe baki. Iska ba ta shiga ba.

Ta ƙirga. Biyar. Takwas. Goma sha biyu. Gefen idanunta ya fara duhu.

Lasifikar ta ja numfashi, ita ma ta ja, da ƙara, kamar wadda aka tsamo daga ruwa.

Aka sake fitarwa. Shirun wannan karon ya fi tsawo.

"Dilia!" in ji lasifikar, da muryar Nicanor.

Bayan ɗan lokaci, daga waje, can nesa kamar daga ƙetaren tafki: "Dilia!"

Katakon ƙasa ya nitsa a bayan kujerarta. Ba ƙara ya yi ba, nitsawa ya yi, kamar an ɗora buhun gishiri. Warin laka ya cika ɗakin, lakar can ƙasa wadda ba ta taɓa ganin rana ba. Wani abu mai sanyi ya ɗiga a wuyan rigarta.

Ba ta waiwaya ba.

Hannun hagu ta saki ƙasa tana lalube. Hedifon ɗin na kan tebur, amma bakin wayarsa ya zame ya faɗa tsakanin katakai. Ta kama wayar ta fara ja. Ya maƙale.

Shiru. Babu iska.

Ta sassauta, ta karkata, ta sake ja.

Ya fito.

Ramin na gefen kwamfutar, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Ta kai bakin wayar. Ta kuskure. Ta sake kuskurewa. Abin da ke bayanta ya sunkuyo, ta ji nauyinsa a kan iskar da ke saman kanta.

Ya shiga.

Ɗakin ya mutu.

Iska ta faɗa ƙirjinta da kanta. Hannun damanta ya ɓalle daga gilashin. A kan tebur hedifon ɗin na zuzu kamar zanzaro a cikin kwalba.

Ƙofa na bayanta, taku huɗu. Ta san in ta tashi yanzu za ta kai.

Ta dubi lungun allon. Zobban uku na nan a takure.

Wayarta na naɗa har yanzu. Minti goma sha ɗaya.

Ta jawo kujerar gaba. Ta ɗora yatsa a kan wata koriyar igiya, ta cire ta daga raminta. Igiyar ta ɓace.

Wani zobe ya mayar da ita.

Ta cire biyu. Aka mayar da uku.

"Yaya," ta ce. "Ba zan iya ni kaɗai ba. Gwaggo na jira. Ƙarfe bakwai za a fara addu'a."

Babu abin da ya motsa a lungun.

"Na ji shi. Na rantse na ji shi duka. Ya isa."

Zobe ɗaya ya fito daga lungun. Ya tsaya a kan wata shuɗiyar igiya, wadda ke ɗauke da ɗigon sautukan nan. Ya daɗe a kanta.

Ya cire ta.

Daga nan suka yi aiki tare, ita daga dama, zobban uku daga hagu. Yayanta ne ya san wadda ke riƙe da wadda. Yakan cire guda sai biyar su zama banza. Sauran zobban na bin su suna mayarwa, amma an fi su sanin hanya. Talatin. Ashirin da biyu. Zuzun hedifon ya koma kuka, siriri, mai tsini. Goma. Katakon bayanta na nitsawa yana tashi. Shida. Baƙar igiyar ta tsinke da kanta. Uku.

Ɗaya.

Ja, ta makirufo.

Duk sauran zobban suka taru a kanta, bisa juna, har wurin ya zama fari fat. Dilia ta sa yatsa ta ja. Ko gezau.

Zobban uku suka taho a hankali ta tsakiyar allon da ya zama fanko. Ɗaya ya shiga ƙarƙashin manuninta. Ta sauke na tsakiya, na biyu ya shiga ƙarƙashinsa. Ta sauke babban yatsa.

Ba sanyi ta ji ba wannan karon. Kaushi ta ji, irin na hannun da ya sha ƙunar dalma.

Suka ja.

Hedifon ya yi shiru.

Farin ya watse. Ba ta ga inda suka bi ba. Ukun nan suka rage a ƙarƙashin yatsunta, daƙiƙa biyu ko uku. Sai allon ya yi baƙi.

Kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Ƙofa ta bugu da bango, Nicanor ya faɗo ciki da kafaɗa, hularsa a hannu, yana haki.

"Ke wace irin mutum ce? Tun yaushe nake dukan ƙofar nan! Me ya sa kika kulle?"

"Ban kulle ba."

Ya dubi ƙofar. Sakatarta a waje take. Ya dubi ƙasa bayan kujerar, inda katako ya jiƙe, faɗin tabarma, baƙar laka na tsiyaya ta tsakanin ramuka. Ya yi alamar gicciye.

"Ka ji kiɗan?" ta tambaye shi.

"Ban ji komai ba. Ko kwaɗo. Abin da ya tayar min da hankali ke nan. Tashi mu tafi, don girman Allah."

A bakin babur ta tsaya. Sauran haske kaɗan ne a kan ruwa. Wayar na hannunta, naɗin na ci gaba, minti goma sha tara. Ta danna ta tsayar.

Wayar ba ta ji ba.

Ta goge yatsan a siket, ta sake dannawa. Ta gwada na tsakiya. Ta gwada babba. Lambobin na ci gaba da ƙirgawa kamar ba wanda ya taɓa gilashin.

Ta miƙa wa Nicanor.

"Tsayar min. Sannan ka goge."

"Mene ne a ciki?"

"Kiɗan Yaya. Na ƙarshe."

Ya riƙe wayar da hannu biyu. Shekara arba'in suna tare da Ubaldo.

"Ba za ki bari in ji ko kaɗan ba?"

"Ba shi kaɗai ne a ciki ba."

Ya dube ta, ya dubi ɗakin. Ya danna da katon yatsansa. Wayar ta tambaya ko ya tabbata. Ya sake dannawa, ya share hanci da bayan hannu, ya tayar da babur.

Sun iso saura minti huɗu. An tattara domino, an buɗe ƙofar gaba da ta baya, mata sun ja yara gefe don kada kowa ya tsaya a hanya. Gwaggo Emérita na gaban teburin addu'a da carbinta, kyandirori tara na ci. Ta kama hannun Dilia don ta jawo ta kusa, sai ta tsaya. Ta juya hannun, ta matsa yatsun nan uku ɗaya bayan ɗaya.

"Kin kwance?"

"Mun kwance."

Gwaggo ta daɗe tana kallon ta. Ba ta tambayi ko ita da wa ba. Ta juya ta fara addu'a, aka riƙa kashe kyandir ɗaya-ɗaya, aka ɗage farin ƙyallen, aka fitar da teburin. Ba abin da ya faru. Wata jaririya ta yi kuka, aka ba ta nono. Daga baya aka raba romo.

Washegari da rana tsaka Nicanor ya koma da mutum biyu. Suka sa Tsohuwa a bokitin yashi suka kai wa masu karɓar matattun batura a birnin Santa Marta. Ɗakin har yau ba wanda ya shiga.

Yatsun Dilia uku ba su dawo ba. Suna lanƙwasa, suna riƙe cokali, suna jin zafi in ta taɓa tukunya. Likita ya gwada su da allura ya ce lafiyarsu ƙalau. Gilashi ne kawai ba ya jin su, na waya, na banki, na wurin aiki. Ta koyi yin komai da hagu. Wata abokiyar aikinta ta ce akwai wata mata a garin Fundación da ke maganin irin wannan, Dilia ta yi godiya, ba ta je ba.

Kiɗan kuma ya tafi. Takan zauna ta nemi ko gaɓa ɗaya a kanta, ba ta samu. Ta san dai ya yi kyau, kamar yadda mutum ke sanin an haife shi.

A gidan rediyo an san ta da wata ɗabi'a yanzu. Ba a buɗe makirufo a ɗakinta sai ta tashi da kanta ta zare wayar lasifika daga bango, ko da an nuna mata a kashe take. Sababbin ma'aikata na yi mata dariya a bayan ido. Wani lokaci kuma, in mai magana ya yi shiru a tsakiyar shiri, ɗakin ya ɗauke ɗif, sai a ga ta daina motsi, hannunta a ƙirji. Jira take ta tabbatar ita ce ta fara jan numfashin.